NAZARI: Rangwamen tirela guda da lissafin da ke gaban 'yan kasuwar Minna

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin fetur ya tafi, tambayar da ta fi damun mai sari a Kasuwar Kure da ke Minna ba ta tsaya kan inda kaya suka fi sauƙi ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne nawa zai saro a tafiya guda.

Dilolin Kasuwar Singa a Kano da kamfanonin Legas na da amsa a shirye: ɗauki tirela guda, buhu 600, a rage maka. Kuɗin mota ma na ingiza shi zuwa can. Manyan motoci da gas suke tafiya, wanda gwamnati ta daɗe da sakin farashinsa, don haka cire tallafin ya fi dukan ƙananan motocin fetur da masu ƙaramin jari ke haya. Hanya kuma ta ƙara tsawo. Mai fitowa daga Kano kan kauce wa Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, ya zagayo ta Dikko da Lambata. Mai fitowa daga Legas kuwa ta Jebba da Mokwa yake bi, inda ambaliyar 29 ga Mayu, 2025 ta karya gada, motocin kaya suka yi cirko-cirko. Wanda sitonsa ke cike a makon nan ya ci kasuwa, wannan gaskiya ne.

Sai dai rangwame ba ya zama riba sai an cire abin da ajiya ke ci. A ɗauki misali kawai. Mutum na sayar da buhu 150 na shinkafa a wata, yana saro kowane a kan Naira 60,000. Dila ya yi masa ragin Naira 1,500 a buhu idan ya cika tirela, kuɗin mota ma ya sauka da Naira 1,000 a buhu. Ya tsira da 2,500 ke nan. To amma buhu 600 sai sun yi wata huɗu kafin su ƙare, wato a matsakaici kowane buhu zai kwana wata biyu a sito, maimakon rabin wata idan sarin wata-wata yake yi. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma kan ɗora nasu. Idan aka ƙaddara kashi 30 a shekara, kowane buhu na cin Naira 1,500 a wata, ƙarin wata ɗaya da rabin nan kuwa ya lashe 2,250. Saura Naira 250 kacal, ba a biya hayar sito da mai gadi ba, ba a cire rabon ɓera da damshin damina ba.

Wani zai ce shi ba ya cin bashi mai ruwa, kuma da yawan 'yan kasuwarmu haka suke. Wannan bai kuɓutar da shi ba. Miliyan 35 da ke kwance a cikin buhuna kuɗi ne da ba su juya ba, ba su saro suga ko man gyaɗa ba.

Lissafin ba sabo ba ne. Tun a 1913 wani injiniya ɗan Amurka, Ford Harris, ya tsara shi, kuma abin da ya fito daga ciki na da ban mamaki: idan kuɗin kowace tafiya ya ninka sau huɗu, yawan kayan da ya dace a saro sau biyu kawai zai ninka. Tsadar mota hujja ce ta ƙara sari, amma ba ta kai yadda dila ke kururutawa ba.

Abin da lissafin Harris bai hango ba shi ne faɗuwar farashi. A 2023 da 2024 duk wanda ya kimsa kaya ya ci riba, domin kullum tashi suke, har mutane suka ɗauka haka za a dawwama. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 shinkafa da masara suka sauko sosai. Waɗanda suka cika sito da tsada sun sayar ƙasa da uwar kuɗi, rangwamen da aka yi musu bai toshe ko kusurwar ramin ba.

A ganina, mafita ga matsakaicin ɗan kasuwa ita ce tsohuwar dabarar haɗa lodi. Mutum huɗu su cika tirela ɗaya, kowa ya ɗauki 150, su samu ragin dila da sauƙin mota ba tare da kaya sun kwana ba. Inda take yawan wargajewa shi ne ranar da mota ta faɗi a hanyar Bida, ko buhu goma suka jiƙe, aka rasa wanda zai ɗauki asara. Ƙungiyoyin kasuwar Minna na iya rubuta wannan ƙa'ida kafin a yi lodi, kowa ya sa hannu a gaban shugabanninsu.