A Ƙirga Fasinja Kafin A Nemi Mai Nutso

A tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, kullum da safe ƙananan jiragen ruwa masu inji sukan tashi daga ƙauyukan Nungwi da Matemwe, su ɗauki baƙi 'yan yawon shaƙatawa zuwa kewayen wani ɗan tsibiri da ake kira Mnemba. A can kowane baƙo zai goya tukunyar ƙarfe cike da iska, ya kama bakin tiyo da haƙoransa, ya faɗa cikin teku domin kallon kifaye da duwatsun murjani. Yakan yi kamar minti 45 a ƙasa, ya fito ya huta, ya sake komawa, kafin la'asar kuma an dawo da shi masaukinsa. Kuɗi yake biya masu kauri a kan wannan, kuma dubban mutane ke yin haka a kowace shekara, a Zanzibar da Bahar Maliya da tsibiran Maldibis, galibinsu kuwa su koma gida lafiya lau.

Mai karatu ɗan Mubi da ke neman abinci a Agege ko Sabo ta Badun yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da garinsu tsakiyar duwatsu yake, teku kuwa sai da ya zo Ikko ya gan ta. To, amma akwai ruwansa. Domin kuwa abin da ke sa waɗannan baƙi su koma gida da ransu, shi ne ainihin abin da babu a mashigan kogunan Arewa, inda ake asarar rayuka kowace damina.

Na'urar da suke goyawa ba sabuwa ba ce. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera ta a 1943. Amma na'urar ba ita ce sirrin ba, ƙa'ida ce. Ba a barin mutum ya nutsa da ita ba tare da malami ba, sai ya yi kwas na kwana uku ko huɗu ya sami takardar shaida, kuma takardar farko ba ta ba shi izinin wuce zurfin mita 18 ba. Ko gwani mai nutson nishaɗi iyakarsa mita 40. Dalili kuwa shi ne duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya, wani sashe na iskar da yake shaƙa kuma yana narkewa cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai iskar nan ta yi kumfa a jijiyoyinsa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta jawo shanyewar jiki ko ajali. Saboda haka ake tasowa sannu a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5. Ba a nutso mutum ɗaya, sai bibbiyu, kowa na lura da ɗan'uwansa. Sannan matuƙin jirgi yana da takarda mai sunan duk wanda ya hau, yakan ƙirga su kafin a tashi, ya sake ƙirgawa kafin a juyo.

Wannan ƙirge da jini aka saye shi. A watan Janairun 1998 wani jirgin 'yan nutso a gaɓar Ostareliya ya juyo gida ya bar wani Ba'amurke da matarsa a tsakiyar teku, ba wanda ya ankara sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba. Mutum biyu ne kacal, amma hukumomin yankin suka tsananta dokar ƙirga fasinja saboda su.

Yanzu a dawo gida. Kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi, da rani yashi ne yara ke wasa a kai, masu tifa na ɗiba. Da damina kuwa, in an yi ruwa a kan duwatsun Mandara, cikin ɗan lokaci yakan cika ya tumbatsa ko da ba a ga hadari a gari ba, kuma a irin wannan lokaci ne manomi mai dawowa daga gona ko yaro mai kiwo yakan ce bari ya gwada sa'arsa. Mutanen yankin ba su manta da shekarun da suka biyo bayan rikicin 2014 ba, sa'ad da aka karya gadoji a hanyar Mubi zuwa Michika da Madagali, jama'a suka koma ƙetare ruwa da kwalekwale ko a kafaɗar samari, da kayansu da marasa lafiyarsu. A kudancin jihar kuwa ga Binuwai da Gongola, ga tafkin Kiri, ga kuma ruwan da akan sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wanda ya yi ɓarna mai yawa a 2012 da 2022. A watan Satumban 2023, cikin mako guda, kwalekwale ya kife a tafkin Njuwa kusa da Yola, wani kuma a Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore, aka rasa rayuka a duka biyun.

Abin bai tsaya a Adamawa ba. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da 'yan kasuwa a kusa da Warra ta Jihar Kebbi. A Nuwamban shekarar nan kuma aka yi na Ɓagwai a Jihar Kano, inda galibin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Duk wanda ya bi labaran nan zai lura da abu guda: a kwanakin farko ba mai iya faɗin mutum nawa ne a cikin jirgin. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, iyaye na tsaye a bakin ruwa. Babu takarda, babu ƙirge, babu rigar hana nutsewa, lodi kuwa sai inda ƙarfin jirgi ya ƙare.

Daga nan sai a aika a kira masu nutson gargajiya. Waɗannan bayin Allah sun cancanci yabo fiye da wanda suke samu. Masunta ne da yaran Sarkin Ruwa, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, irin gwanintar da ake zuwa kallo a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934. Da numfashinsu kaɗai suke shiga, cikin ruwan da ya yi jawur da laka har mutum ba ya ganin tafin hannunsa, suna lalube. Ba su da albashi, ba su da inshora, in ɗayansu ya tafi bai dawo ba iyalinsa sai dai ta'aziyya. A kansu hukuma takan dogara, sannan a manta da su sai wani hatsarin.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa, domin kada a ɓata kuɗin jama'a a kan abin nuna wa 'yan jarida. Mutumin da ya nutse, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa bayan kamar minti 5 ba numfashi. Mai nutson da za a taso daga Yola zuwa Mubi, tafiyar awowi a mota, gawa zai zo nema. Ana yawan ba da labarin Harrison Okene, kukun jirgin da ya kife a teku kusa da Escravos a 2013, wanda masu nutso suka tarar da rai bayan kusan kwana uku a zurfin mita 30. Gaskiya ne, amma shi iska ce ta maƙale a wani lungu na jirgin ƙarfe ta rayar da shi, kwalekwalen katako kuwa ba shi da irin wannan lungu. Tukunyar iska tana da amfaninta wajen nemo gawa a yi mata sutura, da duba ƙafafun gada da madatsun ruwa. Abin da ke ceton rai shi ne rigar da aka sa tun a gaɓa, da matuƙin da ya ce jirgi ya cika.

Jaridar nan tana ganin aikin ya rataya a wuyan hukumomi uku. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Tarayya, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ita ke da dokoki, amma ba ta da ma'aikatan da za ta ajiye a kowane mashigi. Ƙananan hukumomi da masarautu su ke da mutanen. A kowane mashigi akwai Sarkin Ruwa ko shugaban matuƙa wanda ake jin maganarsa. A ba shi littafi da alƙalami da ɗan alawus, a ɗora masa alhakin rubuta suna da hana lodi da hana tafiyar dare. Gwamnatin Jihar Adamawa kuwa, ta hannun hukumarta ta ba da agajin gaggawa, ta zaɓi samari daga cikin masu nutson gargajiyar nan, ta tura su koyo. Ba sai an je Turai ba, Kwalejin Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun a Jihar Delta ta daɗe tana koyar da nutso. In sun dawo a rarraba su Mubi da Numan da Yola, kada a tara su a hedkwata. Su kuma su koya wa 'yan'uwansu yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo, domin har yanzu a wurare da yawa danna ciki ake yi, alhali kuwa hura numfashi da danna ƙirji ne ke dawo da rai.

Saura 'yan Arewa mazauna Kudu. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi daga Ikorodu zuwa cikin Ikko ya ga yadda ake miƙa masa riga tun kafin ya taka jirgin, tsarin da hukumar ruwa ta Jihar Ikko, wadda aka kafa a 2008, take tilastawa. Ƙungiyoyin 'yan Mubi da Michika da Maiha da ke Ikko da Fatakwal sukan tara kuɗi domin gyaran masallaci ko kai gawa gida. A taron wata mai zuwa, ya kamata wani ya miƙe ya kawo maganar sayen riguna 20 ko 30 da igiya mai ƙwari, a aika wa mai unguwar mashigin ƙauyensu kafin ruwan Agusta, a kuma nemi ya rubuto ya faɗi hannun wanda ya damƙa su.