Sanyin da Jami'o'in Kebbi Ke Buƙata

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Gulma da Argungu, don haka maganar sanyin digiri 196 ƙasa da sifili tana kama da tatsuniya. Amma rashin wannan sanyi ne ke tsare wani babban reshe na ilimin fiziks a kan allo kawai a jami'o'inmu.

A 1911 Kamerlingh Onnes ya gano cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, lantarki yana ratsa ta ba tare da cikas ba. Sai da ruwan heliyam, mai tsada da wuyar samu, ake kaiwa can. A 1986 Bednorz da Müller suka buɗe wata ƙofa, kuma a 1987 aka haɗa sinadarin YBCO, wanda ruwan naitirojin ya ishe shi.

Sai dai sababbin sinadaran suna da aibi. Maganaɗisu yakan kutsa cikinsu kamar siraran zaruruwa, kuma duk lokacin da zare ya zame daga mazauninsa sai awo ya gurɓata. Wannan ce hayaniyar maganaɗisu. Ana auna ta da na'urar SQUID a cikin tulu mai bango biyu irin filas ɗin shayi, an lulluɓe shi da ƙarfen da ke tare maganaɗisun duniya. Rage hayaniyar ne ya ba hukumar CSIRO ta Ostiraliya damar ƙera na'urar gano ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa.

Matakin farko ga Kebbi injin ruwan naitirojin ne. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, ba a shigo da shi daga waje. Da ruwansa ne kuma ake adana maniyyin bijimai don barbarar shanu, aikin da cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana yi.

Za a ce wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma azuzuwa sun fi buƙatar kuɗi. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata kowace jami'a ta sayi nata ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta jiha da ke Aliero su haɗa hannu su kafa guda ɗaya mai wutar sola, su riƙa sayar wa likitocin dabbobi. Ruwan yana tsiyayewa a doguwar hanya, saboda haka makiyayin fadamar Gulma zai fi amfana idan a kusa ake yin sa, kuɗinsa kuma ya riƙe ɗakin gwajin da ɗansa zai shiga.