Yawa Ba Ya Hana Ƙarewa

Kowane yaro a ƙasar Gobir ya san shamuwa. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, sai a wayi gari a gan ta bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, tana ɗaukar ƙirare tana gina sheƙa. Da manomi ya gan ta sai ya shiga gyaran gona, gama ya san damina ta kusa. Haka abin yake a Sabon Birni da Isa, da Gatawa da Bafarawa, har tsallaken iyaka a ƙasar Maraɗi.

To, ina take zuwa idan kaka ta yi? Ba ɓuya take yi a daji ba. Tafiya take yi mai nisan gaske. Ita da 'yan'uwanta sukan taru garke guda, su nufi kudu, su ƙetare tsakiyar Afirka, har su kai Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Sa'ad da muke rani, can damina ake yi, fari da tsutsotsi sun yawaita. Watau ruwan sama take bi, domin inda ruwa yake nan abincinta yake. Wajen yin sheƙa kuwa, tun daga Senegal har Habasha ana samunta.

Akwai wata ƙungiya ta duniya da ake kira IUCN, mazauninta yana ƙasar Suwizalan. Tun 1964 take rubuta sunayen dabbobi da tsuntsaye, tana raba su aji aji, gwargwadon hatsarin da kowane iri yake ciki. Ta sa shamuwa a ajin waɗanda ba a tsoron ƙarewarsu yanzu, saboda tana da yawa, kuma ta bazu cikin ƙasashe da dama. Wannan labari ne mai daɗi. Amma kada wani ya ji haka ya ce, “Ai tun da tana da yawa, in na harbi ɗaya da danƙo ba kome.” Mai wannan magana ya yi kuskure, ga kuwa dalili.

A can arewacin tekun Atilantika an yi wani tsuntsun teku wanda Turawa suke kira ok babba. Ya fi agwagwa girma, ya iya iyo da nutso ƙwarai, amma ba ya iya tashi sama. Dā yana da yawa, daga gaɓar Kanada har tsibiran da ke arewacin Ingila. Matuƙan jirgin ruwa suka yi ta kashe shi saboda nama da mai da gashi. Kowa yana cewa ba zai ƙare ba. A 1844 aka kashe biyu na ƙarshe da aka san suna kwanci, a wani ɗan tsibiri kusa da Aisilan. Yau ko an ba da dukiyar duniya ba za a ga mai rai ko ɗaya ba.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Ku tambayi kakanninku labarin ungulu. Dā babu mahauta ko kasuwar da ba a ganinta, har sai an kore ta. Kafin 2011 ita ma tana ajin da shamuwa take ciki yanzu. Amma a 2015 aka mayar da ita ajin waɗanda suke bakin ƙarewa, domin ana kashe ta da guba, ana kuma sayar da sassan jikinta don magani. Yau yaro yakan yi wata da watanni bai ga ungulu ba.

Saboda haka ya wajaba mu kiyaye shamuwa tun tana da yawa. Baƙuwa ce mai biyan kuɗin masauki, gama tana cinye fari da tsutsotsin da suke ɓata gero da dawa a gonakinmu da fadamun Rima. Ƙwai biyu ko uku kawai takan yi. Idan aka kwashe su, ko aka sare itacen da sheƙarta take kai, wahalarta ta shekara guda ta tafi a banza. Ga shi kuma ba tamu ba ce mu kaɗai. Wadda aka harbe a Isa, manomin Zambiya ma ya yi hasararta.

Iyayenmu da kakanninmu ba su taɓa shamuwa, sukan kuma tsawata wa yaron da ya jefe ta. Ba su karanta littafin wata ƙungiya ba, amma sun gane gaskiya. Ku ma ku riƙe wannan al'ada. Kada ku hau ɗiban ƙwanta, kada ku harbe ta, ku kuma dasa itatuwa ku raine su, domin jikokinku su tarar da mai kawo musu bisharar damina.

Tambayoyi
1. Me ya sa shamuwa take tafiya kudu da kaka?
2. Wane abu ne ya sami ungulu?
3. Ku ƙidaya sheƙunan shamuwa na garinku bana, ku rubuta yawansu, baɗi ku sake ƙidayawa.