Tuƙi a Damina: Kada Ƙafa Ta Riga Hankali

A watannin Yuli da Agusta ruwa ya fi sauka a Duwala, har magudanan New Bell su tumbatsa kan kwalta. Idan ruwan ya gauraya da man da motoci ke ɗigarwa, hanya takan yi santsi, tazarar tsayawa ta ninka. Mota in ta soma zamewa, kada direba ya danne birki a firgice. Ya sassauta totur sannu a hankali, ya karkata sitiyari inda ya nufa. Tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, a sauya ta. Magidanta, ku tunatar da 'ya'yanku masu bensikin cewa fasinja amana ne. Allah Ya kiyaye hanya.