Manhajarka Ta Yi Aiki a Kowace Kwamfuta

Bara wani matashi ya kawo mini manhajar da ya rubuta wa wani kantin magani a Kano. A kwamfutarsa tana tafiya lafiya lau. Da muka ɗora ta kan sabar, ko motsi ba ta yi ba. Sai da muka kwashe kwana biyu muna lalube kafin muka gano Python ɗin sabar tsoho ne, matashin kuma bai rubuta lambar sigar komai ba.

Abin ya dame ni, domin wannan ciwo yana da magani tun 2013, lokacin da Solomon Hykes ya fito da Docker. Fayil guda za ka rubuta, Dockerfile, ka jera duk abin da manhajar ke buƙata, a haɗe su cikin kwantena ɗaya. Duk inda aka kai ta, haka za ta tashi.

Sai dai a yi shi da tsari. Ka rubuta takamaimiyar lambar siga, kada ka bar na'ura ta ɗauko duk sabon da ta samu. Haka kuma, tun 2017 ana iya gina manhaja a mataki ɗaya, sannan a wani matakin a kwashe abin da aka gama kaɗai zuwa ƙaramin tushe irin Alpine, wanda bai kai megabait 10 ba. Duk wanda ya taɓa jiran gigabait guda ya sauka, data na ƙarewa, wuta ta ɗauke, ya san amfanin wannan.

Malaman kwamfuta a jami'o'inmu, don Allah ku sa ɗalibai su riƙa miƙa aikinsu tare da Dockerfile.