Kwalkwalin Kakanni Da Hular Kwanon Jikoki

Kowa ya san babur ya zama dokin zamani a ƙasar Zango. Shi ke kai manomi gona, shi ke kai malami makaranta, shi ke ɗaukar mara lafiya daga ƙauye zuwa asibiti. Ranar kasuwa kuwa, in ka tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Daura ta nufi Baure, sai ka ga babura kamar fāri, wani da buhun gero, wani da akuya a ɗaure, wani da mutum uku a baya. Amma ka dubi kawunan mahayan. Hula ce ta zare, ko rawani, ko kai a sake. Da wuya idonka ya faɗa kan mai hular kwano.

A 'yan shekarun nan kuma wani sabon yayi ya shigo wa samarinmu. Sun ga hotunan mahaya babur na Turai da Amurka na zamanin da a cikin wayoyinsu, sha'awa ta kama su. Sai ka ga saurayi ya je wurin 'yan gwanjo ya sayo baƙar rigar fata mai zif a karkace, da tabarau mai faɗi, wani ma har da wata 'yar hula mai kama da rabin ƙwarya. Ya hau babur yana taƙama, a ce wane ya yi shigar mutanen da. Ni ban ga laifin son kayan da ba, kuma ban ce saurayi kada ya yi ado ba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, mutanen da ɗin nan, namu da na Turai duka, tsaron jiki suka fara nema, sa'an nan ado ya biyo baya. Mu kuwa mun ɗauki adon, mun bar musu tsaron.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon hawan salla a Daura ya ga 'yan lifida da 'yan sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki, a sa wa mahayinsa, domin kibiya ko mashi su rasa ƙarfi kafin su kai ga nama. Sulke kuwa ƙananan zobban ƙarfe ne aka sarƙa, don kada takobi ya yanki jiki. Sa'an nan ga kwalkwali a kai, an yi masa ado da gashin tsuntsu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da hular ƙarfe cikin rundunarsa. Watau yau fiye da shekara 600 ke nan Bahaushe ya san cewa mai hawa ba ya fita da kai a sake. Mu mutanen Zango ma bai kamata a ba mu wannan labari ba, gama nan garin ne sarakunan Daura na Haɓe suka zauna bayan jihadi, cikin zamanin yaƙe-yaƙe, har zuwa lokacin da Malam Musa ya koma birnin Daura a farkon mulkin Turawa. Barden da ya sa kwalkwali ba wanda ya ce masa matsoraci. Shi ake sa wa a gaba, shi maroƙa ke wasawa. To, yaya aka yi jikansa yake jin kunyar sa hular kwano, alhali dokin da yake hawa ya ninka na kakansa gudu, kuma ƙasar da zai faɗa a kai kwalta ce?

Turawan da muke kwaikwayon shigarsu su ma da jini suka koyi wannan darasi. A watan Mayu na 1935 wani sanannen sojan Ingila mai suna T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, yana tafe a kan babur ba hula, ya kauce wa wasu yara biyu masu keke, ya faɗi ya bugu a kai. Bayan kwana 6 ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai wani mai aikin ƙwaƙwalwa, Hugh Cairns. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga bincike kan sojoji masu kai saƙo a babur, waɗanda ke mutuwa da yawa saboda raunin kai. A 1941 ya buga sakamakon bincikensa, kuma a wannan shekara rundunar sojan Ingila ta tilasta wa mahayanta sa hula. Sauran jama'ar ƙasar sai a 1973 doka ta hau kansu. Haka ma baƙar rigar fatar nan mai zif a karkace. Wani kamfani mai suna Schott a Amurka ya fara ɗinka ta a 1928 domin mahaya babur, da fata mai kauri, saboda in mutum ya faɗi ya ja jiki a ƙasa, fatar dabba ta goge maimakon tasa. Sai daga baya, da ɗan wasan sinima Marlon Brando ya sa irinta a wani fim na 1953, samari suka mai da ita kayan ƙwalisa.

A nan ne nake so samari 'yan'uwana su buɗe kunne. Yawancin rigunan da ake samu a gwanjo masu kama da waccan, roba ce aka yi wa fenti, ko kuwa fata ce sirara ta zuwa biki. Kwalta ba ta san kama ba, in ta same su sai ta yage su kamar takarda. Hular nan mai kama da rabin ƙwarya kuwa ta fi haɗari, domin tana sa mai ita ya ɗauka ya tsira. Irinta ta asali, wadda Turawa suka yi amfani da ita wajen shekarun 1950, saman kai kaɗai take rufewa, ta bar ƙeya da haɓa da gefen kunne a fili. Su da kansu da ilmi ya ƙaru suka bar ta. A 1968 kamfanin Bell ya fito da hular da ke rufe fuska duka har haɓa. Wasu kuma da ake sayarwa yanzu ba komai a cikinsu sai kwanon roba da ɗan ƙyalle. Wasu ma hular magina suke sawa, wadda aka yi don tare ɓaraguzan gini, ba don faɗuwa daga babur ba.

Ga yadda hular kirki ke aiki. Tana da ɓawo mai tauri a waje, wanda ke hana dutse ko ƙarfe huda kai, ya kuma watsa ƙarfin bugu. A ciki akwai wani farin soso mai tauri, mai kaurin yatsa biyu ko fiye. Wannan soso shi ne ran hular. In kai ya bugi ƙasa, sai soson ya murƙushe, ya shanye ƙarfin da da ƙwaƙwalwa ce za ta sha. Daidai yake da audugar lifidi. Amma sau ɗaya yake wannan aiki, don haka hular da aka taɓa yin mummunan haɗari da ita ta gama amfani, ko da daga waje ba a ga tsagewa ba. Shi ya sa sayen hula a gwanjo kasada ce, tun da ba ka san abin da ta gani ba. Na uku shi ne maɗaurin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita za ta riga mai ita isa ƙasa. Hulunan da aka gwada ƙarfinsu sukan zo da alamar ECE ta Turai ko DOT ta Amurka, ko da yake 'yan jabu ma sun iya manna takarda, don haka a duba soson da maɗaurin da ido. Mai son kamannin da ba a hana shi ba, gama yanzu kamfanoni na yin huluna masu siffar da, amma cikinsu na zamani ne.

Malaminmu na kimiyya zai tabbatar muku da wannan lissafi: wanda ke gudun kilomita 50 a sa'a, in ya yi karo da abu tsaye, kamar wanda ya faɗo ne daga tsawon mita 10, watau kamar daga kan bene mai hawa uku. Wa zai yarda ya diro daga nan da hular zare? Binciken masana da aka tattara a 2008, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta ambata, ya nuna hula na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kashi 69 cikin 100. Ku tuna kuma mu a ƙauye muke. Karayar ƙafa ana iya kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗora, mutum ya tashi. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu kuwa, kafin a samo mota a kai shi Katsina ko Kano wurin likitan da ya san aikin, sau da yawa lokaci ya ƙure. In ma ya rayu, wani ba ya sāke gane 'ya'yansa.

Hukuma ta taɓa gwada ƙarfi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Me ya faru? A Kano aka ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a kai sun ɗaure da igiya, labari ya kai har gidajen rediyon Turai, duniya ta yi mana dariya. Bayan 'yan watanni kowa ya koma gidan jiya. Wannan ya nuna mini cewa tara da kame ba su isa ba, muddin mutum yana ganin don jami'i yake sa hula, ba don kansa ba. Sai mun amsa dalilan da mutane ke kawowa.

Na farko sukan ce zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu da Mayu rana a nan ba ta da wasa. Amma barden da ke cikin lifidi a wannan ranar ya yi yaƙi. Kuma akwai huluna masu ƙofofin iska, farar hula kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙa. Na biyu sukan ce tsada. Wanda ya iya tara kuɗin Boxer ko Jincheng, ya kamata ya lissafa hula cikin kuɗin babur, kamar yadda ba a sayen doki a bar linzami. A kwatanta kuɗinta da na kwana ɗaya a gadon asibiti. Na uku, wasu fasinjoji na tsoron a sa musu asiri a cikin hular ɗan acaɓa, wasu na ƙyamar gumin wani. Maganin wannan mai sauƙi ne, mai yawan hawa ya nemi tasa, ko ya sa ɗankwali ko hular zare daga ciki.

Na huɗu shi ne wanda ya fi nauyi. Sukan ce in ajali ya zo hula ba ta hanawa. Wannan gaskiya ne, ba Musulmin da zai musa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sulke biyu da kwalkwali a ranar Uhudu, alhali ba wanda ya kai shi dogara ga Allah. Annabi Dawuda kuma Allah ne ya koya masa ƙera sulke. Ashe riƙo da sababi ba ya ɓata tawakkali. Manomin da ya ce arziki na Allah ne ai bai fasa yin shuka ba.

Bayan kai, sauran jiki ma yana da hakki. In mutum ya faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, don haka safar hannu ta fata ba ƙwalisa ba ce. Silifas ba takalmin hawa ba ne, a nemi sau-ciki wanda ya rufe idon sawu. Iyayenmu maza su riƙa tattare babbar riga, iyayenmu mata da 'yan'uwanmu ɗalibai mata su riƙa naɗe mayafi da hijabi, domin in bakin tufa ya shiga ƙafar baya ko sarƙa, nan take yake fizgo mutum ƙasa. Da dare kuma baƙar riga ba ta nuna mahayi, gara a sa mai haske ko a ɗinka mata ƙyalle mai ƙyalli.

A nan nake ganin akwai abin yi ga masu sana'armu. Hula dai ba a ƙera ta a gida, tilas a sayi wadda aka gwada. Amma safar hannu, da abin kare gwiwa da gwiwar hannu, da rigar hawa mai kauri a kafaɗa, duk dukawa da teloli na Zango da Daura za su iya yin su da kirgin saniya, su yi musu ado irin na kayan doki. Ga wanda ke son shigar mutanen da, wannan ita ce tamu ta gado, ba sai ya ari ta Amurka ba. Ina ma shugabannin ƙungiyar masu babura za su sa gasa a lokacin salla, a ba da kyauta ga wanda ya fi kowa cikakken shiri, ba wanda ya fi kowa ganganci ba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu abu biyu. Kada ku ba yaron da bai kai shekara 18 ba makullin babur, domin doka ma ba ta ba shi lasin ba. In kuwa ya kai, to, ranar da kuka saya masa babur ku haɗa masa da hula, ku kuma ku sa taku, gama abin da babba ya yi shi yaro ke koyi. Mu ɗalibai kuma mu daina yi wa mai hula dariya muna ce masa ɗan sama jannati. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da na sani ƙeya ce. Allah ya kiyaye mu da mugun ji da mugun gani, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.