Littafin Zane Ma Littafi Ne

Akwai wani raini da ya daɗe a zukatan waɗansu ƴan boko: duk littafin da aka tsara labarinsa cikin zane-zane, wanda Faransawa ke kira BD, wai abin wasan yara ne, bai cancanci kanta guda a ɗakin karatu ba. Wannan raini yana cutar Madawa, Buza da Keita, inda ɗimbin yara ke barin lakkol tun karatunsu bai nuna ba.

Yaron da ya fita ya kama tallar albasa ko ya tafi cin rani, in aka miƙa masa littafi mai shafi 300 na zallar Faransanci, ajiyewa zai yi. Zane kuwa yana riƙe masa hannu har ya kai ƙarshen jimla. Da yawa daga manyan ma'aikatan da ke yamutsa fuska yau, da mujallar Kouakou suka saba da karatu, ko sun manta ne? Duniya ma ta wuce wannan gardama. A 1992 littafin Maus na Art Spiegelman ya sami kyautar Pulitzer a Amurka, a 2006 kuma Aya de Yopougon na Marguerite Abouet ya ci kyauta a Angoulême ta Faransa.

Sai dai shigo da na waje kaɗai ba zai wadatar ba. Tun watan Maris na 2025 doka ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ina littattafan? Labari dai ba a rasa ba. Ga dogayen layukan bedi da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 domin kare gonaki daga iska. Ga aikin Keita na 1984, wanda Italiya ta biya, inda mata suka yi ta dakon duwatsu a ka har faƙo ya koma gona. Jikokinsu na nan, amma sai su je rahoton Turawa su karanta abin da kakanninsu suka yi.

Ya kamata hukumomin komin su ware wa irin waɗannan littattafai kaso cikin kasafinsu, a rubuce, kada abin ya tsaya ga alkawarin ranar buki. Alhazan albasa, da ba su ƙyashin sayen kofin ƙwallo, su ɗauki nauyin mai zane guda da kuɗin ɗab'i. Ma'ajin ɗakin karatu kuma ya daina kulle su a kabad don tsoron kada su yage. Wanda ya yage a ɗinke shi, a mayar kan kanta.